Dodon Iya Bai Taɓa Haɗiye Ni Ba

Shekarar da soja suka ce za su maida mulki, ana ta yawo da hotunan ƴan takara a jikin motoci, ita ce shekarar da jikana Sanusi ya kafa tele, talabijin ta wasan yara, a zaurena nan Agiye. Damina ta yi kyau, bayan yunwar da aka sha kafinta. Samari na zuwa su biya shi su yi wasa, in akwai kuran, wutar lantarki. Ni ban yi lakol ba, karatun boko ke nan, amma ido na gare ni. Na zauna bakin ƙofa ina tsince aya, ina kallo.

Wasa biyu suka fi so. Ɗaya, kana da butik, wato shago, ka sayo kaya, ka yi lissafin abin da zai ƙare da abin da zai kwana. Ɗayan kuma mutum ne cikin wani gida mai duhu, matattu na tasowa suna bin shi, harsashinsa kaɗan, maganinsa kaɗan.

Na ce, “Sanusi, wancan yaron zai mutu. Yana harbin duk abin da ya motsa.”

Ya ce, “Tsohuwa, ina kika san wasan ga?”

Na ce, “Angona, na yi shi tun ubanka bai zo duniya ba. Kuma ba a taɓa cinye ni ba.”

Suka yi ta dariya. Ni kuwa zuciyata ta riga ta tafi Gangara, garin da na tashi.

Zamanin Nasara ne, lokacin da ake auna gyaɗa a kai masu. Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata, ita ke tara mu da ɗari bayan sallar isha. Ta hura karan dawa a tsakar gida, ta zauna ta lulluɓa da wani ƙaton gwado mai baƙi da fari. Sauran tsofaffi na ba da tatsuniya ka saurara. Ita Iya cikin tatsuniyar take jefa ka.

Za ta damƙa wa kowa aya cikin tafin hannu, ta ce, “Ga jarinku. Wa ke da ƙafa ya biyo ni?”

Mu ce, “Muna da ita!”

Labarin kullum ɗaya ne a gindinsa. Mu fatake ne, mun ci kasuwa, za mu koma gida, kuma hanya ta bi ta dajin Dodo. Kafin a tashi, Iya ta zama mai koli. Tana saida fitila, da takalmi, da igiya, da gishiri, ka biya da ayarka. Sai a shiga daji. Ta rage murya ta ce, “Duhu ya rufe. Wa ya sayi fitila?” Can gaba ta ce, “Ga ƙaya ta cika hanya. Wa ke da takalmi?” Can kuma Dodo ya tare wata mashiga yana neman a ba shi abin taɓawa. Wanda hannunsa ya ƙare, ko ya sayi abin da bai amfane shi ba, sai Iya ta buɗe gwado ta yi gurnani, ta jawo shi ciki. An haɗiye shi ke nan. Kuma ba ta maimaita hanya. Yau rijiya, gobe kura, jibi gobarar daji.

Ni Rabi na gane kan abin da wuri. Ba na sayen fitila, sai in ce ina bin bayan mai fitila. Ba na sa ko ƙwara ɗaya a baki, ko da yawu na zuba. Gishiri kuwa ba na barin shi, don na lura duk inda Dodo ya matsa, in ka watsa mashi a ido yana ja da baya. Ɗan Jimma, ɗan baffanmu, shi duk abin da aka ɗaga sai ya saya, ya isa mashiga hannu wofi yana roƙo.

“Rabi, ara mani kaɗan.”

“In ara maka in bi ka ciki?”

Iya ta ce, “Kun ji marowaciyata. Wannan ko Dodo ya ci ta sai ta tsaya mashi a wuya.”

Ƙanwata Laure kuwa ba ta ko wahalar da kanta. Tun Iya na jera kayan koli ta tauna ayarta tas, ta karkaɗe hannu ta ce, “Dodo, ga ni, ban da ko sisi.” Ita ce ta fari a ciki kullum, ta samu wurin da ya fi kyau, kanta bisa cinyar Iya.

Haka za a yi ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, har gwado ya kumbura, ƙafafu na leƙowa ta ƙasa. Ya rage ni kaɗai a ƙetaren wuta, bayana na shan sanyi, hannuna a dunƙule. Ina jin su ciki suna ƙyalƙyala. Ina ganin Iya na sunkuyar da kai cikin gwado tana raɗa masu wani abu, sai su yi tsit. Daga nan ta ɗago ta ci gaba da ni, har ta ce, “Rabi ta isa gida.” Ladan ke nan, babu wani. Ina jin daɗinsa kuwa, kada in yi maku ƙarya.

Amma raɗar nan ta tsaya mani a rai. Na tambayi Laure me Iya ke ce masu.

Ta ce, “A cinye ki mana ki ji.”

Na ce, “Allah ya kiyaye.”

Ɗarin ƙarshe da muka yi da ita, tari ya kama ta. Wani maraice ta haɗiye kowa da wuri, kamar mai sauri, ta juyo kaina. Ta kawo rijiya, ina da igiya. Ta kawo ƙaya, na ce na naɗe ƙafata da ɗankwali. Ta kawo Dodo a mashiga, na biya. Sai ta kalle ni ta saman wuta, ta ce da muryarta ta kullum, ba ta tatsuniya ba:

“Rabi, Dodon nan ya tsufa. Haƙoransa sun zube, ba ya iya tauna aya. Ke yake so.”

Ta ɗaga gefen gwado. Na ga wurin, nan gefen hagunta, daidai ni. Laure ta leƙo tana yi mani alama da hannu. Ƙamshin man shanu da hayaƙi ya iso har inda nake.

Na ce, “Ina da gishiri. Na watsa mashi.”

Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta daɗe riƙe da gefen gwadon a sama. Sannan ta sake shi, ta ce, “Rabi ta isa gida.”

Kafin zafi ya shigo, baffanmu ya zo ya tafi da ita Gidan Rumji neman magani. Can aka rufe ta.

Ba zan ce na yi kuskure ba. Hannun nan da na koyi dunƙulewa shi ya riƙe gidana. An yi shekarun da maƙwabta suka ci irin shukarsu, ni ban taɓa nawa ba. Na saida aya a kasuwar Cadawa har gashina ya yi fari, ban taɓa rufe tebur don kaya sun ƙare mani ba. Ɗiyana duk sun tashi. Sai dai tun da tele ɗin nan ta shigo zaurena, in na ga yaro ya kai ƙarshen wasa jakarsa cike da harsashin da bai harba ba, sauran sun fita suna dariya a waje, shi kaɗai gaban gilashi, sai in ji sanyin nan a bayana.

Bayan an yi zaɓe hanya ta lafa, na sa Sanusi ya sa ni mota zuwa Gangara. Na iske Laure a inuwa, idonta ya tafi, bakinta na nan.

Na ce, “Laure, mun tsufa. Gaya mani abin da Iya ke raɗa maku.”

Ta ce, “Yaya, har yau? Ashe abin na cin ki.”

“Faɗi, ko in koma.”

Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, “Ba wani abu ba ne. Cewa take, ku yi shiru ku ji yadda Rabi za ta fita daga wannan. Wuni take tana shirya maki hanya. Mu ai cika gwado kawai muke.”

Can ta ƙara da cewa, “Amma akwai ɗumi a ciki, Yaya. Shi kam ban san yadda zan faɗa maki shi ba.”

Cikin waɗanda Dodon Iya ya haɗiye, Laure na nan Gangara. Ɗan Jimma na Cadawa, kunnensa ya toshe, har yanzu kuɗi ba su kwana a aljihunsa. Sauran duk sun bi Iya, Allah ya jiƙansu. Na ƙetaren wuta kuwa, dama ni kaɗai ce, kuma ga ni nan.