Hancin Tomekichi

Shekara arba'in da ɗaya Kasai Tomekichi ya yi yana kafa sandunan gora a kan dutsen garinsu. Da zarar dusar ƙanƙara ta rufe dutsen ya yi fari fat, sai ya hau da damin gora a kafaɗa, kowace sanda da jan ƙyalle a kanta, ya jera su tun daga can sama har gidan wankan ruwan zafi da ke gindin dutsen. Masu wasan zamiya da ke zuwa daga birni ba su ma san da shi ba, sandunansa kawai suke bi.

Aikin kuwa na hanci ne. Dutsen da wuta a cikinsa, yana huro iska mai guba ta ƙarƙashin ƙanƙarar, ta cinye ta ta ciki, ta bar rami da ɗan ɓawo a kai. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ke tona asirin ramin, kuma ramin bara ba shi ne na bana ba. Tomekichi ya ishi kowa da labarin hancin nan nasa.

Wata mura ce ta kama shi da kaka, ta tafi da hancin. Bai gaya wa kowa ba. Matarsa Fumie ce ta gano, ranar da kifi ya ƙone ƙurmus yana zaune dab da murhu yana karatun jarida.

"Baban Natsuko, ba ka jin ƙauri?"

"Wane ƙauri?"

"Au! Hancin da aka dame mu da shi ya mutu ke nan. Gobe ka je ofishin masu kula da dutse ka faɗa musu."

"Su zaunar da ni gida ina kallon fuskarki?"

"Ai ta fi taka kyan gani."

Ya ƙi fur, don raba shi da dutsen nan daidai yake da binne shi. Da ta ga babu sarki sai Allah, ta ce, "To, mai taurin kai, ni zan zama hancin." Tana da shekara sittin da takwas ta ɗaura faffaɗan takalmin ƙanƙara, ita a gaba tana shinshina, shi a baya da gora.

"In kin ji wari ki tsaya ki gaya min," ya ce. Iyakar abin da ya koya mata ke nan. Sauran bai faɗa ba, don a ganinsa abu ne da kowa ya sani: in gubar ta yi yawa, hanci take fara kashewa. Inda wari ya ɗauke farat ɗaya, nan ne wurin gudu.

Wata biyu suka yi a haka. Su zauna a sama su ci dunƙulen shinkafa, tana mitar gwiwa, yana yi mata dariya. Bai taɓa jin daɗin aikin kamar a watannin nan ba.

Wata safiya garau suka gangara wani kwari. Ta toshe hanci ta ce, "Kai, nan kamar an fasa kwandon ƙwai." Ya sunkuya yana ɗaure ƙyalle, ita ta ƙara gaba. Can sai ya ji muryarta cike da murna.

"Yauwa, nan babu komai! Ta nan za mu bi."

Ya ɗago a firgice. Kafin ya ce "Dawo!" ta ƙara taku biyu, ƙanƙarar ta burma da ita. Ramin bai fi tsayin mutum biyu ba. Ya kwanta rub da ciki ya miƙa mata gora yana kiran sunanta, ba ta kama ba. Gubar da ta taru a ramin ta riga ta kashe ta.

Yanzu wata 'yar na'ura ce mai ƙara ke yin aikin gano gubar. Tomekichi yana gida, baƙin ciki ya tsufar da shi. Kullum da safe yakan durƙusa gaban hotonta ya kunna mata turare, irin wanda take so, ya tura fuskarsa cikin hayaƙin har idonsa ya kawo ruwa. Ba ya jin komai.