Ƙwan da Kika Ajiye Mini

Na Allah ne mu, kuma wurinSa makomarmu take. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Safar, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran 'yar ƙanena, wadda danginmu suke kira Mai Ƙwai. Jijiyar jini ce ta fashe a kanta tana tsaye a bakin aikinta. Kafin magariba mun kai ta makwancinta. Shekarunta arba'in da ɗaya, ta bar miji da 'ya'ya uku.

'Yata, ni na laƙa miki sunan nan, kuma ba don yabo na laƙa shi ba. Gara na faɗa da bakina tun ina da sauran numfashi.

A gabana kika sauke karatu, ni na koya miki alwala. Da kika girma kika shiga binciken yadda hanyoyin jini suke somawa a jikin halitta. Kikan fasa 'yar taga a ɓawon ƙwan kaza mai kwana biyu ko uku a ɗumi, ki leƙa da madubin ƙara girma. Ni kuwa abin da na karanta shi ne ƙwan da ya juye jini najasa ne. A kan wannan na tsaya, ban tambayi komai ba. A tsakar gidan mahaifinki, gaban surukanki, na ce yarinyar da na koya wa tsarki ta ƙare a wasa da ƙazanta, kuma ban san da wace riga take salla ba. Kika sunkuyar da kai kika ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baffa." Shekara tara ke nan, ban janye maganar ba.

Da ciwon suga ya kama ƙafata, yatsa ya yi baƙi, 'ya'yan cikina suna juya fuska saboda wari, ke kike zuwa duk safiya ki wanke ki ɗaure. Kina naɗa bandeji kina yi mini bayani: tun kafin a sami jijiya ko ɗaya, akwai wasu ƙwayoyin halitta da suke warwatse, sai su taru gungu-gungu, su jeru, su riƙe juna, su buɗe rami a tsakiyarsu don jini ya wuce. Kika ce burinki a gane abin da yake kiransu su taru, ko a taimaki ƙafa irin tawa. Na ce Allah ne Yake kiransu. Kika yi dariya. "To ai shi ya sa nake so ka zo ka gani, Baffa. Ko tsoron ƙwai kake yi?"

Sau nawa na ce sai wani mako? Ƙafa ta warke, girman kai bai warke ba. Ranar Litinin da ta wuce kika kira ni kika ce kin sa ƙwai a ɗumi, in zo Alhamis. Na ce in Allah Ya so, a raina kuwa na ƙudurta ranar zan nemi gafararki. Aka yi miki sutura ranar Laraba.

Na je Alhamis ɗin. Abokiyar aikinki ta buɗe mini ɗakin bincikenki, idonta a kumbure. A bayan ƙofa na ga farar rigar aikinki a ƙusa, a ƙasanta buta da sabulu, a wata ƙusa nesa da ita jaka ɗauke da tufafi da darduma. Ta ce ba ki taɓa salla da rigar aiki ba, kikan wanke hannu har gwiwa ki canza kaya, in an yi miki tsiya ki ce, "Fatawar Baffana ce." Ashe hukuncin da na zage ki da shi, shi kike bi duk shekarun nan.

Sai ta ɗauko ƙwai ɗaya daga akwatin ɗumi. A ɓawonsa da fensir, da rubutunki mai karkata: Na Baffa. Ta yanke tagar, ta daidaita madubi, na sa ido. Na ga jajayen zaruruwa sun shimfiɗu a kan gwaiduwa kamar saiwar ciyawa, a gefe wasu ɗigo-ɗigo ba su gama haɗuwa ba, a tsakiya wani abu da bai kai ƙwayar gero ba yana bugawa. Shekara hamsin ina karantar da matakan halitta, daga ɗigo zuwa gudan jini zuwa tsoka, ban taɓa gani ba sai ranar. Na yi tasbihi, na ɗago kai don na ce miki kin yi gaskiya. Kujerarki ce kawai a wurin.

Hukuncin ƙwai yana nan yadda malamai suka faɗa. Hukuncin da na yi miki ne zalunci. A gaban mutane na yi shi, don haka a gaban mutane nake janye shi. Amma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, mai shi kuwa ta tafi. Da wannan zan tsaya a gaban Ubangijina.

Ya Allah, Kai da Ka shimfiɗa jijiyoyinta tun tana cikin mahaifa, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa abin da ta bincika ya amfani marasa lafiya ya zame mata sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanena da mahaifiyarta, da mijinta da marayunta, da abokan aikinta. Allah Ya ba mu haƙuri. Wanda ya yi mata addu'a, ina roƙonsa ya ƙara da cewa Allah Ya sa ta yafe wa Baffanta.