Ƙundu da Ƙanzo

Cikin shekarun da na yi ina aikin lafiya a Gummi, akwai wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba, ranar da na ajiye jakar magani na ɗaura zani na shiga madafin mutane. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ku saurara, don wannan ba a makaranta aka koya mana ba.

Lokacin ina zagayen masu tarin fuka. Ga wanda bai san aikin ba, mai wannan cuta yakan yi watanni yana shan magani, kuma ba a miƙa masa a juya baya. Sai ma'aikaci ya je har gida ya ga an haɗiye a gabansa. Duk ranar Alhamis kuma a ɗora mutum a sikeli. In nauyi na ƙaruwa, to magani na aiki. In yana ta raguwa, ƙa'ida ita ce mu tura shi babban asibiti a Gusau.

Cikin marasa lafiyata akwai Baba Na'Allah, dattijo manomi daga Zugu. 'Yan bindiga ne suka tashi unguwarsu, aka goyo shi a bayan babur aka kawo shi gidan 'yarsa Hassi da ke aure a Gummi. Magani kam yana sha ba gardama, amma abinci ya ƙi. Tuwo, kunu, fura, duk sai ya kalla ya juya fuska bango. Sikeli kuwa ba shi da kara, kowane mako ƙasa yake yi.

Shugaban asibitinmu, Malam Sahabi, mutum ne mai haƙuri, sai dai ba ya wasa da ƙa'ida. Ya kira ni ofis ya ce, "Malama Kulu, in Alhamis wagga yaƙ ƙara raguwa, Gusau za shi. Can su sa mai roba ta hanci su ba shi abinci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hanyar Anka hwa?"

Ya riƙa juya biro a hannunsa. Ni da shi mun san yadda 'yan bindiga ke tare hanyar nan ta Gusau a lokacin. Mun kuma san Baba ya rantse gara ya mutu a ɗakin nan da ya sake hawa wata hanya. Na fito ofis.

Na je gidan Hassi na tsugunna gaban tabarmar Baba na ce, "Baba, don Allah ka gaya min abu guda da ranka ka so."

Ya ce, "Shinkahwa da kaza, irin ta Innata."

Innar nan tasa ta rasu tun ba a haifi Hassi ba, balle a tambaye ta. Da lallashi na tatso shi: dafa-duka ce, da man shanu da daddawa, a tukunyar ƙasa. Hassi ta ce ai ta riga ta gwada, ko buɗewa bai yi da kyau ba. Na ce mata ta matsa gefe. Ni dai a allura wani zai iya fi na, amma a girki ba na raina kaina, ku tambayi waɗanda suka ci tuwon sunan jikana.

Ranar Laraba na nemi izinin Malam Sahabi, na yi sammako kasuwa. Na zaɓo shinkafa 'yar gida, ta fadamar nan tamu, na tsince ta tsaf. Kaza kuwa ta Hausa, wadda ta yi yawon bola ta yi ƙashi, ba ta gidan gona ba. Tukunyar ƙasa sai da muka aro wajen wata tsohuwa maƙwabciya. Na soya kazar da man shanu, na daka daddawa da tattasai da 'yar citta, na zuba ruwa, na sa shinkafa, na janye itace ta turara a kan garwashi. Ina fifita wuta ina addu'a, don na san ba ni da wata Larabar.

Da ta nuna, ƙamshi ya cika gidan. Hassi ta ɗauko sabon kwano mai marfi daga kayan ɗakinta. Na zuba shinkafar sama mai warwara, na jera cinya da ƙirji, na ɗora ƙundu a tsakiya, yadda kowace mace a ƙasar nan za ta zuba wa babba. Na kai masa da hannu biyu.

Ya ɗaga marfi, ya shaƙi tururin, na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ce a raina shi ke nan. Sai ya tsaya yana kallon ƙundun, ya mayar da marfi a hankali.

"Ba ita ta ba, ɗiyata."

"Baba, mi ar rage? Gishiri ko yaji?"

"Ƙundu rabon mai gida na," in ji shi. "Ni ina gidana? Ku kai ma mijin Hassi." Ya juya fuska bango.

Hassi ta shige ɗaki tana kuka. Na koma madafi na zauna daɓas a ƙasa, ina ganin motar gobe a idona, ina ganin Baba kwance a baya da jikin nan nasa kamar kara. Rabona da abinci tun asuba. Na jawo tukunyar don in sa wani abu a cikina. Ba abin da ya rage sai ƙanzo, da wuya da ƙafafun kazar, waɗanda ban ga sun cancanci kwanon dattijo ba. Na sa cokali na fara kankara, ƙarar, ƙarar.

Sai na ji murya daga ɗaki, da ƙarfin da ban taɓa ji daga gare shi ba.

"Wa ka kankarar tukunya?"

"Ni ta, Baba."

"Kawo ta nan."

Na ɗauke ta haka da baƙin gindinta na dire a gabansa. Ya leƙa, ya tashi zaune ba wanda ya tallafe shi, ya yi bisimilla ya sa hannu. Ya ɓamɓaro ƙanzo yana taunawa a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa.

"Ita ta," ya ce. "Ni ne auta. In Inna ta kwashe ma Babanmu da manya, sai ta kirai ni madahi, ta ba ni tukunya. Ƙahwa da wuya tana ɓoye min su ƙasa. Ban taɓa cin cinya ba ga hannunta."

Ya ɗauki ƙafa ɗaya ya miƙo mini. "Amshi. Inna ba ta bari na in ci ni ɗai." Ya riga ya daɗe a kan magani, ya wuce lokacin da cutar ke yaɗuwa, don haka na karɓa. Hassi ta tsaya bakin ƙofa da hannu a baki, ko motsi ta ƙi yi kada ya daina.

Tukunya ɗaya ba ta ƙara wa mutum nauyi a kwana guda. Washegari sikeli bai hau ba, ya dai tsaya inda yake. Na gaya wa Malam Sahabi abin da ya faru, ya zo da kansa ya tarar da Baba rungume da tukunyar aro yana kankara. Ya kalle ni ya ce, "Mu ba shi mako guda." Daga nan nauyi ya fara hawa, Gusau kuwa bai je ba. Ƙundu kullum mijin Hassi ake kai wa, bawan Allah yana ci yana jin kunya.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in mara lafiya ya kira sunan abincin gidansu, kada ku tsaya kan me aka zuba a tukunya. Ku tambaye shi wa ke zuba masa, kuma wane rabo ne nasa. Mu duka mun ga dattijo mun girmama shi da ƙundu, muka tuna masa gidan da ya rasa. Shi kuwa abin da yake nema shi ne a kira shi madafi, a miƙa masa tukunya, ya koma autan Inna ko na ɗan lokaci.