Ajin Fartanya

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da wani manomi daga Ƙarfi ya tako har makarantarmu ya rushe mini aikin wata guda ba.

A ƙarshen shekarun sittin ne, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ina sabon malami a wata ƙaramar sakandaren kwana tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ga ƙuruciya ga jin kai. Shugaban makaranta ya ɗora mini tsara manhajar 'yan aji ɗaya, domin yaran da muka ɗauka ba ɗaya suke ba. Wasu 'yan gari ne, Turanci ya zauna a bakinsu. Wasu daga ƙauye suka zo, lissafi da ka ba a kayar da su, amma layi ɗaya na littafi sai ya sa su gumi. Na yi musu gwaji na raba su biyu. Masu ƙoƙari na ƙara musu Turanci da kimiyya, sauran kuwa na rage musu littafi na cika musu jadawali da aikin gona. Wai ni a dole tausayi nake yi, 'ya'yan manoma ne, a ba su abin da za su iya. Ba a yi mako ba yara suka raɗa musu suna ajin fartanya. Da na ji har dariya na yi, Allah Ya yafe mini.

Wata safiya da damina muna gonar makaranta, sai ga wani dattijo Bamaguje, ƙafafunsa duk taɓo, ya ce ɗansa yake nema. Yaron yana cikin ajin nan, dogo ne, ba ya da yawan magana. Bayan yaron ya durƙusa ya gaishe shi, dattijon ya cire hula ya zaro takarda daga ciki. Ashe babban ɗansa ya shiga soja, an daɗe ba labari, sai ga wannan wasiƙa da Turanci. Ya ƙi kai wa kowa. Ya ce yana da ɗa a sakandare, don me bare zai riga shi sanin ko ɗansa na raye?

Yaron ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya gane sunan wansa, ya gane kalmar asibiti, daga nan ya cije. Ya koma farko, ya sake cijewa. Uban ya zuba wa bakinsa ido yana jira. Da na ga hawaye sun zubo masa na karɓa na karanta: an ji wa wan nasa ciwo a ƙafa, yana kwance, amma yana samun sauƙi.

Dattijon ya sauke ajiyar zuciya. Sannan ya dubi gonar, ya dube ni.

"Malam, fartanya na aiko shi ya koya? Tun yana ɗan mitsitsi yake riƙe da ita. Huɗar nan taku ma a karkace take."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba faɗa ya yi ba, a hankali ya faɗa. Ya ƙara da cewa yaro ya ɗauko akwatinsa, in dai noma ne gara ya yi a gida inda ake neman hannu.

"Baba, laifina ne ba nasa ba. Ka bar mini shi zuwa tsinkar auduga," na ce da shi.

Da ƙyar ya yarda.

Na yaga jadawalin nan na sake sabo. Shugaba ya yi ta mita, ya ce ni na tsara ni kuma na rushe, amma ya sa hannu. Gona ta zama ta kowa, har 'yan garin da ba su san gaban fartanya da bayanta ba. Safiya kuwa, lokacin da kai ke da sanyi, na ba masu raunin Turanci, biyar-biyar, muna karanta rubutun hannu muna rubuta wa juna wasiƙu. Ba sauƙi. Yaron nan akwai nawa wajen karatu, wata rana har in ji raina ya ɓaci, amma bai taɓa fashi ba.

Da aka fara tsinkar auduga dattijon ya dawo da wasiƙa ta biyu. Ya miƙa wa ɗansa. Yaron ya ɗora yatsa yana bi kalma-kalma, yana fassarawa: an sallami wansa, zai zo gida, yana dogara sanda. Sau biyu ya yi tuntuɓe, na danne bakina ban taya shi ba, ya tashi da kansa.

Uban bai ko kalle ni ba. Ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce, "Sake karanta mini daga farko." Da ya gama ji, ya mayar da hularsa ya kama hanyar Ƙarfi shi kaɗai.

Tun daga ranar, duk yaron da na ga yana baya, ba na rage masa karatu in kira shi tausayi. Abin da ya gagare shi, shi ne abin da ya kawo shi wurina, kuma a nan ya fi cancantar lokacina.