Wuƙaƙen da ke cikin kan Yaya

Ni mahauci ne a kasuwar Dakoro. Yayana ya faɗi a gonarsa ta Bader Goula, hannun dama ya shanye. Da muka kai shi gidan likita yatsu huɗu na motsi. Washegari uku.

Ya ƙi cin abinci. Ba zai ci da hagu ba, ba kuma zai yarda a ba shi a baki ba.

"Ni jinjiri ne?" ya ce, bakinsa a karkace.

Na tare likita a ƙofa. "Ranka ya daɗe, an ce ciwon ya riga ya buga ya wuce. Me ke cin yatsun?"

Ya dubi rigata mai jini. Ya ce inda jini ya toshe a ƙwaƙwalwa ya mutu nan take. Amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke maƙwabtaka da wurin, kowace da wuƙarta a ciki, in ta ji wuya sai ta yanka kanta, wata yau, wata gobe. Ana neman maganin da zai dakushe wuƙaƙen. An gwada a bisashe, bai kai ga mutane ba.

Bisashe. Na kasa zama. Na sauka kasuwa wajen mai maganin dabbobi, na kasa bayani. Na hau kabu-kabu har Roumbou, wani ya miƙo mini maganin tsutsa. Na dawo, yatsu biyu.

Na sake tare likita. "Wace bisa ce? Raƙumi ko sa? In sayo maganinta."

"Ɓera, Baba. A ƙasashen waje."

Na koma kasuwa na faɗa wa mai maganin dabbobin. Ya ce, "Sarkin fawa, maganin ɓera kam akwai, amma nawa ba ya warkarwa."

Ban yi dariya ba. Kwana biyar ina zagaya gadon Yaya, ina matsa masa tafin hannu, ina ƙirga abin da ya rage. Shekara talatin ina riƙe da wuƙa, ga wadda na kasa riƙewa.

Babban yatsa kaɗai ya tsira. Yaya ya rame har wuya.

Ran Juma'a matarsa ta ajiye fura ta fita. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sai ya sa hagu ya ɗauko hannun damansa, ya cusa ludayi ƙarƙashin yatsan, ya ɗaga duka biyun zuwa baki. Rabi ya zube a ƙirji.

"Da dama na sha," ya ce. "Kai shaida ne."

Na ce, "Na gani. Ƙara."