An Kira Ni Infoma Saboda Bijimai Bakwai

A lokacin ina malamin sakandare a Talata Mafara, na karanta littattafai fiye da kowa a zuriyarmu, kuma ban taɓa bari wani ya manta da hakan ba. Baffana kuwa mai turka shanu ne a wani ƙauye kusa da Bakura. Yana da wata al'ada da ya gada: ba ya faɗa wa kowa ranar da zai koro dabbobi kasuwa, ko matarsa. In an tambaye shi sai ya ce ana nan ana dubawa. Ni na ɗauki wannan camfin tsofaffi ne.

Da bijimansa bakwai suka yi ƙiba, na ce zan samo masa masu saye tun kafin ranar kasuwa. Na ɗauki bidiyonsu, na tura a wani zauren waya na mahauta da fatake, mai mutane daga Maradun har Sakkwato, waɗanda ko kashi ɗaya cikin goma ban sani ba. Da yake ni malami ne, ba na son bayani rabi da rabi, sai na rubuta cewa ranar Litinin bayan azahar za a taso da su, na faɗi hanya, har da rafin da za su sha ruwa. Ranar ma da wayo na ciro ta daga bakin Baffa. A bakin rafin nan aka tare su. Baffa ya tsira da karayar hannu, shanun kuwa ba a sake ganin ko kofatonsu ba.

Kafin mako ya zagayo, maganar ta canja kama. Aka ce ni infoma ne, ni na sayar da Baffana ga 'yan bindiga. A yankinmu wannan kalma tana iya kashe mutum kafin a tambaye shi. Mai shayi ya daina amsa gaisuwata. Mahaifiyata ta roƙe ni in gudu Gusau. Na ce mata wanda ya gudu ya sa hannu a kan laifin.

Ni na kai kaina gaban hakimi, 'yan sa-kai na tsaye. Na miƙa wayata a buɗe, na karanta saƙon da bakina, na ce na yi wauta, ku rubuta, amma cin amana ku kawo shaida. Aka juyo ga Baffa. Ya gyara hannunsa da ke ɗaure, ya ce shi ya rene ni, kuma infoma sai mai wayo, wannan ɗan nasa kuwa takardu kawai gare shi. Aka yi dariya. Ban taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba.

Hannun Baffa bai koma daidai ba, kuma wannan nawa ne har abada. Amma wayata ban jefar ba, garin ban bari ba. Mai karatu, duk zauren da ba ka san kowa a ciki ba, ka ɗauka ɓarawo na zaune yana karantawa. Nuna hajarka in ka so, amma rana da hanya ka riƙe a cikinka. Masu raɗa kuwa, kowace Talata ina ratsa kasuwar shanu da ƙafata. Har yau ba wanda ya tare ni ya maimaita.