Inkiyata a Katin Wata

Lokacin da Jalingo ta zama babban birnin jiha ina buga tafireta a wani ofis, kuma duk mako ba abin da nake ɗoki kamar shirin gaishe-gaishe na rediyo ranar Lahadi. Mu masu aika kati yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba, da inkiya muke sanin juna. Tawa ni na raɗa wa kaina, ta kuma karɓe ni. Dada, mahaifiyata, tana ƙauyen Kona, ba ta iya karatu ba, da wannan inkiyar take gane katina ya zo in an karanta shi a rediyo. Kullum ita nake fara gaisarwa.

Ƙungiyarmu ta masu aika kati a unguwar Mayo Gwoi wani kamfanin sabulu ne ya ɗauki nauyinta. Kati mai sheƙi, riguna kyauta, rajista kuma a jakar wakilinsu. Ƙawata tana ƙungiyar unguwar Sintali, su kam ba su da uban gida. Katinsu da hatimin roba suke buga shi, su zauna kan benci su yi ta musu, a ƙarshe a ɗaga hannu. A fili ina yi mata tsiya, ina ce musu majalisar surutu. A zuci kuwa, wallahi, kishi ne ke cina. Ƙawar nan da ko wasiƙa ba ta iya tsarawa, sai ta ce wai ta hana wata doka wucewa! Ni mai tafireta ba a taɓa tambayata ko launin riga ba.

Da wakilin ya fara datse mana sunaye don tallar sabulu ta samu wuri, na kasa haƙuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu ma a riƙa ɗaga hannu mana, kamar 'yan Sintali."

Ya ce, "Malama, ƙungiyar taki ce?"

Ya zare biro ya soke sunana a rajista. Na ce oho, Sintali ba nisa. Suka karɓe ni, amma dokarsu ta ce ba a shiga da inkiyar da wani ke amfani da ita, ko ta mamaci ce. Na ce ai tawa ce. Ƙawata ta sunkuyar da kai ta ce in saurari shirin Lahadi.

Na saurara. Ashe wakilin ya ba wata mai sayar musu da sabulu inkiyata, don mutane sun saba da ita. Ina zaune ina ji masu gaishe ni shekara da shekaru suna gaishe ta, har da yi mata kirarina. Kai! Ko abinci ban iya ci ba.

Sati uku kunya ta hana ni zuwa Kona. Da na je, na tarar da Dada tana tsince wake, rediyon na gefenta. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ina jin katinki duk Lahadi, kina gaida mutane. Ni me na yi miki?"